BABI NA UKU: NAZARI A KAN LITTAFIN NAILUL IBTIHAJ NA AHMAD BABA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda rubutun tarihin rayuwar malamai da shugabanni ya tsiru a ƙasashen Musulmi. A wannan babi kuwa za a ɗauki littafi guda ɗaya a yi masa nazari, wato Nailul Ibtihaj na Shehu Ahmad Baba, mutumin Tambutu, wanda ya kammala rubuta shi a birnin Marakish na ƙasar Maroko a shekarar 1596. An zaɓi wannan littafi ne saboda dalilai guda biyu. Na farko, shi ne fitaccen littafin tarihin malamai da wani ɗan Afirka ta Yamma ya rubuta, har malaman Magrib da na Masar suka karɓe shi suka dogara da shi. Na biyu, yana ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci malaman da suka karantar a Kano da Katsina, don haka duk mai binciken tarihin ilmi a ƙasar Hausa ba shi da makawa sai ya bi ta kansa.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, littafin tarihin malamai ba jera sunaye da shekarun rasuwa kaɗai yake yi ba. Marubucinsa yakan yanke hukunci a kan wanda ya cancanci a tuna da shi, da kuma halin da ya kamata a san malami da shi. Saboda haka za a dubi matsayin littafin a fanninsa, da tarihin marubucin, da zubi da tsari, da jigo, da salo, sannan a dubi yadda ƙasar Hausa ta fito a cikinsa, da kuma wuraren da ya yi rauni.

3.1 Matsayin Littafin a Cikin Fanninsa

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a fayyace tun da farko. Kalmar ɗabaƙa tana nufin rukunin mutanen da suka yi zamani ɗaya, suka kuma ɗauki ilmi daga malamai ɗaya. Kalmar tarjama kuwa a wannan fanni ba fassara take nufi ba, tana nufin taƙaitaccen tarihin mutum guda, wanda kan iya zama layi biyu ko shafi goma.

Tushen fannin yana cikin ilmin hadisi. Malaman hadisi sun bukaci su san kowane mai ruwaya: wa ya karantar da shi, yaushe ya rasu, mai gaskiya ne ko kuwa mai mantuwa. Daga nan ne Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 845, ya tattara tarihin mutane sama da 4,000 a cikin Ɗabaƙatul Kubra, tun daga Manzon Allah (SAW) da sahabbai har zuwa waɗanda suka biyo bayansu. Daga bisani fannin ya yi rassa. Wasu suka bi gari, kamar Haɗibul Bagadadi (ya rasu 1071) wanda ya kawo mutum kimanin 7,800 da suka zauna ko suka ratsa Bagadaza. Wasu suka bi ƙarni, kamar Ibn Hajar (ya rasu 1449) da almajirinsa Sahawi (ya rasu 1497). Wasu suka haɗa kowa da kowa, malamai da sarakuna da mawaƙa, kamar Ibn Hallikan (ya rasu 1282). Wasu kuma suka keɓanta ga malaman mazhaba ɗaya.

A wannan reshe na ƙarshe ne Nailul Ibtihaj yake. Alƙali Iyal (ya rasu 1149), wanda Hausawa suka fi sani da littafinsa na Ashafa, ya rubuta Tartibul Madarik a kan Imam Malik da mabiyansa. Bayansa Ibn Farhun, alƙalin Madina (ya rasu 1397), ya taƙaita wancan aiki ya kuma ƙara a kansa a cikin littafinsa Dibaj, mai ɗauke da tarjama sama da 600. Shekara ɗari biyu bayan rasuwar Ibn Farhun sai Ahmad Baba ya ɗora daga inda ya tsaya, ya kawo waɗanda aka tsallake da waɗanda suka zo daga baya, kimanin mutum 800. Sunan littafin ma yana nuna haka, domin kuwa dibaj alharini ne, shi kuma Ahmad Baba ya ɗauki nasa aikin a matsayin adon da ake yi wa wannan alharini. Wannan dangantaka ce ta sa da aka buga littafin a Alƙahira a shekarar 1911, aka sanya shi a gefen shafukan Dibaj.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Marubucin

An haifi Ahmad Baba a shekarar 1556 a cikin zuriyar Aƙit, wato wani gidan malamai na ƙabilar Sanhaja wanda ya riƙe alƙalancin Tambutu kusan tsawon ƙarni na 16, zamanin mulkin Askiyoyin Songai. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da wasu danginsa, amma babban malaminsa shi ne Muhammad Bagayogo, Bawangare ɗan asalin Jenne, wanda ya lizimta kimanin shekara goma.

A shekarar 1591 rundunar Sarkin Maroko Ahmad Almansur ta ƙetaro Sahara ta karya mayaƙan Songai a Tondibi, ta kuma mamaye Tambutu. A watan Oktoba na 1593 aka kama manyan malaman garin, aka wawashe gidajensu, sannan a 1594 aka tasa ƙeyarsu zuwa Marakish a ɗaure. Ahmad Baba yana cikinsu. Masanin tarihin Maroko Al'ifrani ya ruwaito cewa littattafai 1,600 aka kwashe masa, kuma shi da kansa ya ce nasa ne mafi ƙaranci a cikin danginsa. An sake shi daga kurkuku a 1596 bisa sharaɗin ba zai bar birnin ba. Ya zauna yana karantarwa a Masallacin Sharifai yana ba da fatawa, har manyan malamai irin su Almaƙƙari suka ɗauki ilmi daga gare shi. A 1603 ya taƙaita littafin nasa ya sa masa suna Kifayatul Muhtaj, ya kuma rufe shi da tarihin kansa. Bai samu komawa Tambutu ba sai a 1608, bayan rasuwar Almansur da shekara biyar. Ya rasu a 1627.

An kawo wannan tarihi ne domin yana da tasiri a kan yadda za a karanta littafin. Wanda ya kammala shi mutum ne da aka raba da garinsa da littattafansa, yana kuma zaune a ƙarƙashin ikon sarkin da ya yi masa haka.

3.3 Zubi da Tsari

Ahmad Baba ya bi tsarin Ibn Farhun na jera mutane bisa harafin farko na sunan yanka. A ƙarƙashin kowane suna kuma yakan bi zamani, na da su riga na baya. Amfanin wannan tsari a bayyane yake. Almajirin da ya ci karo da sunan wani malami a cikin sharhin Muhtasar zai iya gano shi cikin sauƙi, ya san ƙarninsa da garinsa da nauyin maganarsa. Sai dai kuma tsarin yana da nasa cikas. Da yake sunayen Muhammad da Ahmad sun yi yawa, babukansu sun cinye kaso mai tsoka na littafin. Haka kuma tsarin yakan raba malami da almajirinsa, ya raba uba da ɗansa. Alal misali, Alƙali Mahmud na Tambutu yana harafin mim, ɗansa Alƙali Aƙib yana harafin ain, wansa Alhaji Ahmad kuma yana can farkon littafin. Mai son ya ga hoton makarantar Tambutu a dunƙule sai ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Tsarin Alƙali Iyal na bin ɗabaƙa da ƙasa ya fi nuna yadda ilmi ke gudana daga hannu zuwa hannu, ko da yake ya fi wuyar bincike.

Ita ma kowace tarjama tana da zubin da take bi. Takan fara da suna da nasaba da laƙabi, sai siffofin yabo, sai malaman da mutum ya karanta a wurinsu, sai tafiye-tafiyensa, musamman aikin hajji, sai muƙaman da ya riƙe, sai almajiransa da littattafansa, sannan a rufe da shekarar rasuwa. Idan aka lura za a ga cewa wannan zubi gadon malaman hadisi ne. Ba ya tambayar yadda mutum ya yi ƙuruciya ko abin da yake ji a zuciyarsa. Abin da yake tambaya shi ne daga wa ya karɓa, wa ya miƙa wa, kuma za a iya amincewa da shi ko a'a.

3.4 Jigo

Babban jigon littafin shi ne tabbatar da cewa silsilar ilmin Malikiyya ba ta yanke ba, tun daga Madina har zuwa zamanin marubucin. A nan ne muhimmancin shigar da malaman Tambutu da Takadda yake. Ta hanyar sanya su a shafi ɗaya da malaman Fas da Tunis da Alƙahira, bisa ma'auni ɗaya, Ahmad Baba ya nuna wa masu karatunsa na Magrib cewa ƙasar da aka ci da yaƙi tana cikin wannan silsila, ba a wajenta take ba.

Akwai kuma wani jigo na biyu wanda bai fito fili kamar na farko ba, wato matsayin malami a gaban mai mulki. A gabatarwar littafin marubucin ya nuna cewa ya fara tattara bayanai tun yana ƙasarsa, inda littattafan wannan fanni suka yi ƙaranci, sannan ya bayyana isowarsa Marakish a matsayin wata falala daga Allah, ya kuma yabi fadar Almansur. Wanda ya tsaya a gabatarwar kaɗai ba zai taɓa zaton an kawo marubucin a ɗaure ba. To amma idan aka shiga cikin littafin aka duba abin da ya zaɓa ya yaba wa malaman gidansu, sai a ji wata murya ta daban. Game da Alƙali Mahmud, wanda ya hau alƙalanci a 1498 ya rasu a 1548, ya nuna cewa sarakuna ne ke zuwa gidansa, ba ya miƙe musu, suna kuma shakkarsa. Game da Alƙali Aƙib (ya rasu 1583) ya nuna cewa ba ya tsoron gaya wa sarki gaskiya, kuma idan ya ga abin da bai yarda da shi ba sai ya ajiye aiki ya rufe ƙofarsa, har sai an zo an lallashe shi.

A nan ana iya cewa waɗannan siffofi hannunka mai sanda ne. Mutumin da sarki ya ɗaure yana rubuta wa mutanen birnin sarkin cewa a ƙasarsu sarki ne ke zuwa ƙofar malami. Akwai hujjoji biyu da ke ƙarfafa wannan fahimta. Ta farko, tun kafin mamayar, wajen shekarar 1588, Ahmad Baba ya rubuta wani littafi mai suna Jalbun Ni'ima a kan nisantar azzaluman masu mulki, wanda ke nuna cewa batun ya daɗe yana cin sa. Ta biyu, Al'ifrani ya ruwaito cewa da aka kai shi gaban Almansur ya ƙi yin magana da shi ta bayan labule, sannan ya tuhume shi a kan wawashe dukiyarsa da littattafansa.

Duk da haka bai kamata a zurfafa da yawa ba. Yabon malami da rashin tsoron sarki tsohon abu ne a wannan fanni, tun daga labarin dukan da aka yi wa Imam Malik a Madina. Haka shi ma yabon sarki a gabatarwa al'ada ce ta marubutan zamanin. Saboda haka ba za a ce an rubuta littafin don ramuwa ba. Abin da za a iya cewa shi ne, marubucin ya samu tsohon zubi a gabansa, ya kuma zuba damuwarsa a cikinsa ba tare da ya fasa shi ba.

3.5 Salo

Salon littafin ya kasu gida biyu. A mafi yawan tarjamomi Ahmad Baba mai tattarawa ne. Yakan ɗauko maganar wani marubuci ya ambaci sunansa, ya kawo ta wani, sannan ya sa baki idan ya ga saɓani. Wannan ambaton madogara yana daga cikin abubuwan da suka ba littafin daraja. Misali mai kyau shi ne tarjamar Shehu Halil, mai Muhtasar, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Malamai sun saɓa a kan shekarar rasuwarsa. Ibn Hajar ya ce 767 Hijira, wasu kuma irin su Ibn Marzuƙ da Ibn Gazi suka ce 776, wato 1374 Miladiyya. Ahmad Baba ya kawo ra'ayoyin, sannan ya rinjayar da 776, dalilinsa kuwa shi ne wannan ruwaya tana tuƙewa ga wani almajirin Halil, almajiri kuma ya fi kowa sanin malaminsa. Wannan ya nuna cewa bai ɗauki girman sunan Ibn Hajar a matsayin hujja ba, ya auna kusancin mai ba da labari ne da abin da ya faru.

Inda wannan salo ya yi rauni shi ne wajen siffofin yabo. Kusan kowane malami masani ne, mai tsantseni, mai zurfin bincike, babu kamarsa a zamaninsa. Idan mutum ɗari suka samu yabo iri ɗaya, yabon ya daina bambance kowa. Mai karatu kan wuce shafuka da yawa bai ga fuskar mutum ɗaya ba, sai jerin laƙabobi.

Salo na biyu yana fitowa ne idan marubucin ya zo kan wanda ya sani ido da ido, kuma babu inda ya fi fitowa kamar tarjamar malaminsa Muhammad Bagayogo. A nan laƙabi ya ja baya, aiki ya fito. An nuna yadda malamin ke fara karantarwa tun da sassafe har hantsi, wani lokaci ya tafi wurin alƙali don ya nema wa mutane haƙƙinsu ko ya sasanta masu rigima, ya dawo ya ci gaba har azahar, daga nan har la'asar, ya koma wani wuri ya karantar har rana ta yi ja, bayan magariba kuma ya zauna a masallaci har lisha. An nuna haƙurinsa da almajiri mai nauyin fahimta, har waɗanda ke wurin su gaji shi bai gaji ba. An nuna yadda yake ba da aron littattafansa masu tsada ga wanda ma bai sani ba, kuma ba ya bin sawunsu. Marubucin ya ƙara da abin da ya faru da shi kansa: ya taɓa neman aron littafin nahawu, sai malamin ya shiga ya kwaso masa duk abin da ya samu a fannin. Sannan ya lissafa littattafan da ya karanta a gabansa, har da Muhtasar wanda suka sauke kusan sau takwas. A ƙarshe ya ambaci cewa rabonsa da malamin tun ranar da aka kama su, daga baya labarin rasuwarsa a 1594 ya iske shi.

Wannan tarjama ita ce ƙololuwar littafin ta fuskar adabi, domin gani ya kori ji. Bugu da ƙari tana da amfani ga masanin tarihi, saboda daga cikinta ake gane manhajar karatun Tambutu a ƙarni na 16 da yadda ranar malami take gudana. Abdurrahman Sa'adi ma ya ɗauko ta ya sanya a cikin Tarihus Sudan a tsakiyar ƙarni na 17.

3.6 Ƙasar Hausa a Cikin Littafin

Akwai aƙalla malamai huɗu da littafin ya danganta su da Kano ko Katsina. Na farko shi ne Shehu Muhammad bin Abdulkarim Almagili (ya rasu wajen 1504), mutumin Tilimsan, wanda bayan rikicin Tuwat ya bi ta Azbin da Takadda ya shigo Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa a kan sha'anin mulki, sannan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammad. Wannan sarki na Kano shi ne Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Na biyu shi ne kakan marubucin, Alhaji Ahmad bin Umar, wanda ya yi hajji a 1485 ya sadu da Imam Suyuɗi, a kan hanyarsa ta dawowa kuma ya tarar da fitinar Sunni Ali, sai ya shiga Kano ya karantar. Na uku shi ne Mahluf Albilbali, wanda ya karantar a Kano da Katsina, ya rasu bayan 1533. Na huɗu shi ne Muhammad bin Ahmad Attazahti, wanda aka fi sani da Aida Ahmad, almajirin Almagili, wanda ya zauna a Katsina bayan dawowarsa daga gabas, sarkin garin ya girmama shi ya naɗa shi alƙali, ya rasu wajen 1529.

Darajar waɗannan bayanai ba ƙarama ba ce. Suna tabbatar da cewa tun ƙarshen ƙarni na 15 biranen Hausa sun kai matsayin da manyan malamai za su sauka su samu almajirai da sarakunan da ke neman shawararsu. Haka kuma da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisur a 1812, a kan aikin Ahmad Baba ya dogara wajen kawo tarihin waɗannan magabata, sannan ya ƙara da na baya irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ke nan silsilar da ta faro daga Alƙali Iyal ta bi ta Madina da Tambutu ta iso Sakkwato.

To amma akwai abin lura. Duk mutum huɗun nan baƙi ne. Kano da Katsina suna fitowa ne a matsayin zango a cikin tafiyar wani, ba a matsayin garuruwan da ke da nasu malamai ba. Ba a faɗi sunayen waɗanda suka zauna a gaban Alhaji Ahmad a Kano ba, alhali kuwa malami ba ya karantar da bango. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso Kano da addini tun zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), Fulani kuma sun kawo ƙarin littattafai a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463), duk kafin zuwan Almagili. Saboda haka kuskure ne ɗalibi ya karanta Nailul Ibtihaj ya yanke cewa ilmi ya fara a ƙasar Hausa ne ranar da baƙo na farko da littafin ya sani ya sauka. Shirun littafi a kan mutum ba hujja ba ce a kan cewa ba a yi shi ba.

3.7 Raunin Littafin

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da rauni guda uku. Na farko shi ne, malaman Afirka ta Yamma kaɗan ne ƙwarai a cikin littafin idan aka gwada da na Magrib da Andalus da Masar, kuma a cikin kaɗan ɗin nan gidan Aƙit ne ya fi samun wuri. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ana iya yi wa marubucin uzuri da cewa yana rubutu ne nesa da gida ba tare da littattafansa ba, don haka abin da ke cikin kansa kaɗai zai iya kawowa game da ƙasarsa. Uzurin karɓaɓɓe ne, amma bai kawar da giɓin ba. Abin da ya rage masa zargin son kai shi ne, mafi kyawun tarjamarsa ba a kan ɗan gidansu ya yi ta ba, a kan Bawangare ya yi ta, har ma ya ɗauke shi mujaddadin ƙarni na goma na Hijira.

Na biyu shi ne batun mata. Ibn Sa'ad ya keɓe juzu'in ƙarshe na littafinsa ga mata kimanin 600, Sahawi ma ya kawo mata sama da 1,000 a nasa juzu'in ƙarshe. Nailul Ibtihaj bai keɓe musu wani sashe ba, kamar yadda Dibaj ma bai yi ba. Dalilin yana cikin ma'aunin shiga littafin. Malaman hadisi suna neman duk wanda ya ji ya kuma isar, mace ko namiji, su kuwa marubutan tarihin fiƙihu suna bin alƙalai da masu fatawa da masu sharhi, muƙaman da ke hannun maza. A ƙasar Hausa, aiki irin na Nana Asma'u a shekarun 1830, wato waƙarta ta Tawassuli ga Mata Masu Albarka, shi ne ya waiwayi wannan ɓangare.

Na uku shi ne, littafin ya gaji zubin malaman hadisi amma bai gaji kaifin sukarsu ba. A wurinsu akan ce wane mai rauni ne, wane ba a karɓar ruwayarsa. A nan kuwa shiga littafin ma yabo ne, don haka da wuya a ga aibin wanda ya shiga. Sukar tana ɓoye ne a cikin tsawon tarjama ko gajartarta, da kuma barin mutum a waje.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an dubi Nailul Ibtihaj ta fuskar matsayinsa da marubucinsa da zubinsa da jigonsa da salonsa. An ga cewa littafin ya cika alkawarin da ya ɗauka na ɗora wa Dibaj, ya kuma yi haka da kula wajen ambaton madogara da auna ruwayoyi. An ga cewa a ƙarƙashin jerin sunayen akwai ra'ayi a kan abin da ake nufi da malami, wato mai haƙuri da almajiri, mai sakin hannu da littafi, wanda kuma ba ya durƙusa wa mai mulki. An kuma ga cewa hasken da ya yi wa ƙasar Hausa ta hanyar baƙi ya biyo, don haka dole a haɗa shi da Tarihin Kano da rubuce-rubucen malaman gida da abin da aka gada a baka kafin a yanke hukunci. A babi na gaba za a dubi Infaƙul Maisur, domin a ga yadda Muhammadu Bello ya karɓi wannan gado, da kuma ko ya cike giɓin da Ahmad Baba ya bari.